504 ɗinmu tana tashi sai ta mutu, bakanike ya ce a sauke inji

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifinmu mai kafireta, ta jima a ajiye tun da fetur ya yi tsada. Yanzu mun sa mata sabon batir, bugu ɗaya take tashi amma ba ta daɗewa sai ta mutu, in an ɗan jira ta sake tashi ta sake mutuwa. An canja fulogi da kwayil, an wanke kafireta, duk babu canji. Bakanike ya ce sai an sauke inji. Mene ne shawara?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa dan Allah kar ka bari a sauke injin nan tukuna. Injin da ke tashi bugu ɗaya ai ya riga ya gaya maka abubuwa da yawa, fistin da ringi suna matse iska ko da ba kamar sabo ba, taimin bai goce da nisa ba, wuta tana zuwa fulogi, mai ma yana isa aƙalla na ɗan lokaci. Injin da ya gaji har ya kai a sauke shi ba haka yake yi ba, shi wahalar tashi yake, ga shuɗin hayaƙi, ga shan baƙin mai, ga kasawa a hawa. Kuma 504 ɗin nan da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun 1975 injinta ba mai rikitarwa ba ne, sarƙa ce ma ke riƙe masa taimin ba bel ba, don haka zama a gida kawai ba zai sa taimin ya tsallake ba. Naku wani abu ne ke yanke masa mai ko wuta ko iska bayan ya tashi, aikin shi ne a gano wanne, ba a yi ta zirga-zirga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ana sayo kaya ana jarabawa ba.

Abu na farko kuma ba ya cin ko kobo: ɗauki wayarka ka kunna agogo, ka tada motar ka ga daƙiƙa nawa ko minti nawa take yi kafin ta mutu, sannan ka saurari yadda take mutuwar. Wannan shi ne rabin aikin wallahi. Wadda wuta ta yanke wa ɗif take yi kamar an kashe makulli, babu gargaɗi. Wadda mai ya ƙare wa sai ta fara jijjiga tana sarƙewa tana tari ta bakin kafireta, ka taka totur ta ƙara shaƙewa, sannan ta mutu. Wadda kuma mai ya yi wa yawa nauyi take yi, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, warin fetur ya cika wurin, in ka kwance fulogi ka gan shi baƙi kuma jiƙe.

In mutuwar tana zuwa ne daidai lokacin da ka saki makulli, wato tana kamawa muddin kik na juyawa kana saki ta mutu, toh wannan ba maganar mai ba ce sam. Tsofaffin motoci da yawa masu kontak, wato ƴan ƙarafa biyun nan da ke buɗewa suna rufewa don fulogi ya samu wuta, suna da wani ɗan farin resista na tangaran mai rage ƙarfin wuta kusa da kwayil, lokacin da kake bugun kik ana zagaye shi a ba kwayil cikakkiyar wutar batir, kana sakin makulli sai wutar ta koma bi ta cikinsa ta ragu zuwa wajen volt 7 zuwa 9. In ya ƙone, ko wayarsa ta tsinke, ko shi kansa makullin ya cinye daga ciki, abin da za ka gani kenan. Mai wayarin ya sa ƙwan gwaji a kan fositif na kwayil, a buɗe makulli ba tare da an buga kik ba, in ƙwai bai kama ba shikenan an gano. Aikin minti biyar ne.

Amma yadda ka kwatanta, ta tashi ta ɗan yi ta mutu, a jira ta sake tashi, kuma mota ce da ta jima a ajiye, ni zargina ya fi karkata ga hanyar mai tun daga tanki har bakin kafireta, ba ita kafiretar ba. Ka ga a jikin kafireta akwai ɗan kofi da mai ke taruwa a ciki, da fulot da allura da ke tsare yawansa. Man da ke cikin kofin nan shi kaɗai ya isa ya riƙe inji a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, na ɗan lokaci, rabin minti ko minti ɗaya ko sama da haka kaɗan. Toh in abin da famfo ke kawowa bai kai abin da inji ke sha ba, kofin zai yi ta raguwa har ya bushe, mota ta mutu. Kana sake buga kik famfon ya ɗan tara wani, ta sake tashi, a sake maimaitawa. Shi ya sa ko sau goma aka wanke kafireta ba abin da zai canja, tunda man ne ba ya iso ta.

Gwajin mai sauƙi ne amma dole a yi shi nan take tana mutuwa, kar a sake taɓa kik. Cire murfin filtar iska tun kafin ka tada ta, tana mutuwa ka kashe makulli ka leƙa maƙogwaron kafireta da tocila, ka ja totur da hannu sau biyu ko uku. In akwai mai a kofi za ka ga siririn fetur yana tsartowa ciki. In ba ka ga komai ba ko ɗan ɗigo kawai, kofi ya bushe, magana ta ƙare. Daga nan sai gwajin galan da kowane tsohon bakanike ya sani: a samu ɗan galan mai tsabta a zuba sabon fetur daga gidan mai, a ɗaga shi sama da inji, a jona tiyo kai tsaye zuwa kafireta, shi kuma tiyon da ya fito daga famfo a zura shi cikin wata jarka ta daban don kar ya yi ta feshi a kan inji. In motar ta zauna lafiya minti goma sha biyar a kan galan, kafireta da wuta da inji duk sun fita daga zargi. A yi wannan a fili ba cikin rufaffen gareji ba, da abin kashe gobara ko bokitin yashi a kusa, kuma kar kowa ya kafa fuskarsa a saman kafireta ana buga kik, tana iya yin tari da wuta, na ga waɗanda gira da gemu suka tafi a haka.

In galan ya nuna daga baya ne sai a bi layin a hankali. Filtar mai da farko, ƴar robar nan mai arha, a canja ta kawai kuma a fasa tsohuwar a ga me ke ciki, in jan gari ne kamar ƙasa toh tanki ya yi tsatsa. Kuma wannan shi ne ciwon motocin da aka ajiye tun bayan cire tallafin mai a 2023, an bar su da ɗan mai a gindin tanki, sauran duk iska, damina ta zo ta wuce, raɓa ta taru a bangon tanki daga ciki ta ci ƙarfen. Ɓawon tsatsar yana kwance a ƙasa, famfo yana fara ja sai ya taso ya manne a bakin bututun da ke zuƙo mai ya toshe shi, inji yana mutuwa jan ya saki ya faɗo, shi ya sa in an jira take sake tashi. Ga shi kuma shi kansa fetur in ya yi watanni yana lalacewa, ya canja wari ya yi ja ya bar wani danƙo a bututu da allurar fulot. In an taɓa zuba mata na ƴan bumburutu ma sai ka ƙara da zargin ruwa. Tsiyayo kaɗan a farar kwalba ka ajiye, in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa daban. Maganinsa a sauke tanki a wanke a shanya ya bushe sarai, a hura bututun da iska daga gaba zuwa baya, ba wai a ƙara sabon mai a kan tsoho ba.

Sai murfin tanki, wanda kusan ba mai tunawa da shi. Tanki yana buƙatar iska ta shiga ta maye gurbin man da ya fita, kamar gwangwanin madara ne, in ka huda rami ɗaya sai ta yi ta fita da ƙyar har sai ka huda na biyu. In hanyar numfashin ta toshe da ƙura, ko an sa wani murfin da ba nata ba, mota za ta yi ƴan mintuna ta mutu. Tana mutuwa ka je ka buɗe murfin, in ka ji ya ja iska fuuu, ka bar shi a buɗe ka sake tadawa ka gani.

Shi famfon mai na 504 a jikin inji yake, inji ne ke motsa shi, kuma a cikinsa akwai fatar roba da ke bushewa ta tsage in mota ta daɗe ba ta aiki. Cire tiyon da ke shiga kafireta ka sa a kwalba, ka cire ƙaramar wayar wuta ta kwayil don kar ta tashi, wani ya buga kik. Ya kamata mai ya riƙa bulbulowa da ƙarfi bugu bayan bugu, ba yoyo ba. Ka kuma zaro sandar gwada baƙin mai ka shinshina, in kana jin warin fetur ko ka ga man ya ƙaru ya yi ruwa-ruwa toh fatar ta huje fetur na gangarawa cikin inji, a canja famfo a juye baƙin man duka kafin a ci gaba. Tsofaffin tiyo na roba da ke tsakanin tanki da famfo su ma suna tsattsagewa, kuma ba lallai ka ga suna yoyo ba, iska suke zuƙa maimakon mai. Nan kuma in ja kunnenka, wani zai ce a sa mata famfon lantarki a huta. Babu laifi in mai ƙaramin ƙarfi ne da aka yi don kafireta, wadda abin da take so bai wuce wajen bar 0.2 zuwa 0.3 ba. Amma na motar injekta yana tura wajen bar 3, ya ninka sau goma, zai danne allurar fulot ya cika inji da fetur, ka fita daga wata matsala ka faɗa wadda ta fi ta haɗari.

Toh in ka leƙa ka ga mai yana tsartowa, kofi a cike yake, sai ka gwada wani abu: ka tada ta ka riƙe totur kaɗan. In tana zaune muddin ƙafarka na kai, kana ɗagawa ta mutu, matsalar silo ce. Mai na silo ta wata siririyar hanya yake bi daban da babban jet, wato ƙaramin ramin da ke auna man da ke shiga inji, kuma ita ce ke fara toshewa da danƙon tsohon fetur. Ka ce an wanke kafireta, amma wankin da yawancin yaran gareji ke yi shi ne a jiƙa ta a fetur a goga da burushi a hura da baki, wajenta ya yi fes amma ramukan ciki suna nan yadda suke. Sai an kwance silo jet ɗin an ɗaga shi a rana an ga haske ta ramin, an fesa maganin wanke kafireta na gwangwani a kowace hanya an ga ya fito ta ɗaya ɓangaren, sannan a kai wajen mai faci a hura da iskar kwamfuresa. Kar a soka waya ko allura a jet, faɗaɗa ramin take yi motar ta koma shan mai har abada. In za a kwance sukurun daidaita silo a fara ɗaure shi a hankali ana ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya tsaya, don a mayar da shi inda yake. Wasu kafiretocin kuma suna da wani ɗan abu mai waya ɗaya a ɗaure a gefe, aikinsa ya rufe man silo in an kashe makulli. A buɗe makulli a cire wayar a mayar, ya kamata ka ji ƙas ƙas. In shiru ne, ko wuta ba ta zuwa ko ya mutu, kuma mota ba za ta taɓa yin silo ba.

Iskar sata ma haka take yi. Duk iskar da ta shiga inji ba ta bakin kafireta ba tana tsinka haɗin, a silo kuwa ɗan kaɗan ya isa ya kashe mota. Duba gaskit na gindin kafireta musamman tunda an cire ta an mayar, sau da yawa tsohon ake mayarwa ko a yanko kwali a sa. Duba babban tiyon da ya tafi sabo na birki, wato tukunyar nan da ke sauƙaƙa taka birki, ka matse shi da filaya mota na aiki, in silo ya daidaita daga can ne. Ko ka ɗan fesa maganin kafireta a gindinta da inda manifol, wato bututun da kafireta ke zaune a kai, ya haɗu da inji, in ƙarar inji ta canja a nan take zuƙa. Masu Golf 2 mai kafiretar Pierburg 2E2 su kam wannan ciwonsu ne na gado, robar da kafiretar ke zaune a kai ce ke tsagewa, ka ɗan girgiza ta da hannu ka ji inji ya canja murya.

Cok, wato faifan da ke rage iska a bakin kafireta don inji mai sanyi ya tashi, ba sai na daɗe a kai ba. Da sanyin safiya na hunturu in bai rufe ba za ta tashi ta mutu har sai ta ɗumama, in kuma ya maƙale a rufe bayan inji ya yi zafi sai baƙin hayaƙi da jiƙaƙƙen fulogi. Ido kawai zai nuna maka, faifan da ke saman maƙogwaron ya kamata ya miƙe tsaye in inji ya ɗau zafi.

Yanzu in agogonka ya nuna tana kai minti biyar, goma ko fiye, sai ta yi zafi sannan ta ɗauke ɗif, kuma ba ta sake tashi sai ta huce, toh koma kan wuta, kuma sabon kwayil ɗin da kuka saya bai wanke kansa ba a wurina. Kwayil ba iri ɗaya ba ne ko da kamanninsu ɗaya. Wanda aka yi don ya yi aiki da resista in ka auna tsakanin ƙananan kawunansa biyu wajen ohm 1.5 ne, wanda ba ya buƙatar resista wajen ohm 3, na motoci masu wutar lantarki marasa kontak kuma yawanci ƙasa da ohm 1. In aka ɗauko mai ƙaramin ohm aka jona kai tsaye a motar kontak zai yi zafin da ba ka iya taɓa shi, ya ƙona bakin kontak, wuta ta ɗauke. Mai shago ba ruwansa, kwayil ka ce ya ba ka kwayil. Tana mutuwa ka taɓa shi, sannan ka zaro babbar wayar tsakiya daga kan distiributa mai raba wuta ga fulogi ka riƙe da filaya mai roba kusa da ƙarfen inji, a buga kik, kana son ganin wuta mai ƙarfi tana tsalle tana ƙara, ba ƴar ja mai rauni ba. Kondensa, ƴar gwangwanin nan da ke haɗe da kontak, ita ma tana yin wannan halin in ta ji zafi, kuma na kasuwa yanzu da yawansu ba su da kirki, wani lokaci tsohuwar asali ta fi sabuwar. A goge bakin kontak a saita buɗewarsa wajen milimita 0.4, a duba siririyar wayar da ke cikin distiributa ko ta kusa tsinkewa, a duba wayar at, wato ta negetif, da ta haɗa inji da bodi.

Tunda ajiyayya ce kar ka manta da baƙin da suka tare a ciki. Ɓeraye suna cin waya suna yin sheƙa a gidan filtar iska, zanzaro yana gini a bakin salansa da ƙananan bututu. Salansar da ta toshe tana barin mota ta tashi, hayaƙi ya taru ya rasa hanya, ta shaƙe ta mutu. Sa tafin hannu a bayan salansa ka ji ko tana turowa da ƙarfi.

Ga masu irin wannan matsala a motar injekta, tunanin ɗaya ne amma wuraren dubawa sun bambanta. Kana buɗe makulli famfo yana yin ƙara kamar daƙiƙa biyu ya tara mai, in rile ɗinsa, wato ɗan makunnin da ke sakar masa wuta, bai ci gaba da ba shi wuta ba bayan ta tashi, wannan ɗan man za ta ƙone ta mutu. Tsofaffin Toyota masu mitar iska mai faifai, makunnin famfon a cikin mitar yake, shi ya sa masu wayarin ke haɗa kawuna biyu masu alamar FP da +B a ɗan akwatin gwaji su gani ko za ta zauna. Golf 3 na wajen 1995 zuwa sama kuwa in ta tashi ta mutu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu kullum ba sauyi, ka fara tambaya ko an yanko sabon makulli ko an canja kansa, don na'urar hana sata ce ba ta gane shi ba, ba ruwan famfo ko nozul. Sauran kuma dattin totur bodi, da bawul ɗin silo, da sensar zafin ruwa da ke yi wa birenbos, wato kwamfutar mota, ƙarya.

In bakaniken naku ya dage sai an sauke, ka ce ya kawo gejin kwamfureshin mai auna matsin iskar inji a gwada a gabanka, a cire fulogi duka huɗu, a buɗe totur gaba ɗaya, a buga kik a kowane rami a rubuta. Lafiyayyen inji irin wannan za ka ga yana ba da kusan bar 9 zuwa sama, amma abin dubawa shi ne huɗun su yi kusa da juna, kar wani ya faɗi ƙasa da sauran sosai. In ma ɗaya ya yi ƙasa a fara duba saitin bawul kafin a yi maganar ringi, don bawul da aka ɗaure da yawa ba ya rufewa sosai in inji ya yi zafi, kuma saita shi murfin sama kawai ake buɗewa. In ba shi da gejin a aro, ko ka kira wani tsohon hannu da ya saba da Peugeot, har yanzu akwai su a kusan kowane gari tunda motar ta daɗe tana aikin haya da na gwamnati a ƙasar nan.

Ka fara da leƙen maƙogwaro da galan ɗin nan gobe da safe, ka rubuto min daƙiƙa nawa ta yi a kan tankinta da nawa ta yi a kan galan, da abin da kuka gani a cikin tsohuwar filta. Kuma ko ta zauna lafiya kar a hau titi da ita sai an duba man birki da tayoyi, motar da ta yi wannan zaman robobin birkinta ma sun sha bushewa. Allah ya ba da sa'a, a gaida Baba.